Yadda Za Ki Hana a Saki Ɗan Kangarunki

Kin ciro shi daga aljihun uwarsa a bakin titi bayan mota ta buge ta. Wata goma sha huɗu kina goyonsa a cikin rigar filo, ga shi yanzu Desley, shugabar gandun dabbobin, ta ce ran Asabar za a gwada shi: in ya guji mutum, ya isa shiga daji. Share hawayenki. Bi matakan nan, na rantse babu mai raba ku. Ni Noelene, da kaina na gwada su a kan Gordon ɗina.

1. Faɗaɗa aljihu

Yaro bai girma ba matuƙar yana shiga aljihu. Haɗa rigar filo uku ki ɗinke, ki rataya a wuya. In ƙafafu da jela sun leƙo, ki ce iska yake sha.

Merv mai gyaran shinge zai ce, kamar yadda ya ce mini, "Noelene, ciki ne ko buhun dankali?"

Ki ce, "Wanda ke gabanka fa, wata nawa ne?"

2. Nuna masa muguntar uwayen gaske

Kullum da yamma ki kai shi filin da garken kangaru ke kiwo, ya ga abin da ya tsallake. Akwai wata walabi, wato ƙaramin jinsin kangaru, mai suna Beryl, da ta tsuke aljihu ta bar ɗanta a waje yana bugun ƙofa, don tuni wani ya tare a ciki. Ko kunya! Bar shi ya shiga cikinsu sosai don darasin ya zauna. In ya dawo yana warin ciyawa, ko ya yi jinkirin amsa kira, tunani yake yi.

3. Lalata shi

Madara a kwalba, talabijin, kujera mai laushi. Masana sun ce duk wanda ya san bargo ba ya komawa daji. Masanan ni ce.

4. Ranar gwaji

Tsaya inda zai gan ki. Ni dai, da Desley ta buɗe ƙofar dajin, na ware aljihu, na kaɗa harshe yadda uwa ke kiran ɗa. Gordon ya miƙe ya dube ni, ya dubi garken. Tsalle uku, sai ƙura.

Desley ta rungume ni. "Kai, 'yar uwa, wa ya ba ki dabarar kai shi cikin garke? Ba mu taɓa sakin wanda ya shirya kamarsa ba!"

Na ce, "Ciyawa ce ta faɗa mini a ido." Ƙarya nake, zuciyata ce ta karye.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, babu ruwana, babu ruwan Beryl. In naki ma ya tafi bai waiwayo ba, kada ki zo mini da kuka, ina da nawa. Aljihun ne kawai kada ki tambaye ni aro. Yana rataye a bayan ƙofa, ban wanke shi ba tukuna.