Yadda Na'ura Ta Tura Inna Awon Ciki

Jama'a, ku taya ni murna, gwamnati ta ce zan yi ƙane. Jiya na ji albishir ɗin a asibiti, a bakin wata ma'aikaciya da ke karɓar takardu. Ta dubi takardar da na miƙa mata, ta ɗago ta dubi Inna, tsohuwar da ke riƙe da gefen rigata don ba ta ganin hanya, ta ce, "Malam, nan layin ido ne. Ku awon ciki aka rubuta muku."

Bari in koma baya kaɗan. Yanar ido ce ta rufe wa Inna ido ɗaya, ɗayan ma ya fara bin sahu. Likita ya ce aiki ne ƙarami, amma kada a ja lokaci. A da, sai ka yi sammako ka bi layi a ba ka kati. Wahala ce, amma wahalar da ka san fuskarta. To bana Mai Girma Sarkin Ƙaddamarwa, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya tara 'yan jarida ya yanke ƙyalle, ya ce layi ya zama tarihi. Daga yau kowa zai nemi ranar ganin likita ta intanet, yana kishingiɗe a ɗakinsa. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, Allah ya yafe mini.

Na kishingiɗa kuwa. Shafin farko ya tambayi sunan mara lafiya, shekarunta da lambar waya. Na cika, na danna "ci gaba". Shafi na biyu ya buɗe, ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi sunan mara lafiya. Na ce wataƙila kurma ne, na sake gaya masa. Na uku ya ce in ɗora hoto. Na ɗora, ya ce hoton ya yi nauyi, in koma baya. Na koma baya na tarar an share wurin tas, kamar ba a taɓa haihuwar Inna ba.

Haka muka wuni. Inna na zaune a kan tabarma tana jin ina ta maimaita sunanta, har ta ce, "Kai, wai wa ke kirana ne da ba ya ji?"

Na ce, "Gwamnati ce, Inna."

Ta ce, "To ka ɗaga murya mana."

Can da la'asar shafin ya yi wani juyi ya ce an yi nasara. Na ruga shago aka buga mini takardar. Sunan Inna ne a sama ɓaro-ɓaro, ga hotonta. Abin da ke ƙasa kuwa harufa ne da lambobi irin nasu, waɗanda sai su suka san fassararsu. Na ninke na sa a aljihu ina sa wa Mai Girma albarka.

To ga mu a gaban ma'aikaciya. Na ce, "Ranki ya daɗe, ki dubi tsohuwar nan da kyau. Autanta ma furfura ta fito masa."

Ta ce, "Ni abin da na'ura ta nuna nake bi."

Muna cikin haka sai na ji hayaniya a bayana. Wani direba ne, har da makullin mota a hannu, yana ta fama da wani ma'aikacin. Matarsa na tsaye ta dafe ƙugu, ciki ya tsufa, kana ganinta ka san yau ko gobe. Ita kuma an rubuta mata aikin ido. Muka haɗa takardunmu muka duba. Daga sama kowa da nasa, daga tsakiya zuwa ƙasa an yi musanya. Har lambar wayarsa na gani a ƙarƙashin hoton uwata.

Direban ya ce, "Ai abin ya zo da sauƙi. Mu yi canji, kowa ya kama gabansa."

Ina! Sauƙi ai ba ya cikin tsarin. Aka tura mu bene, wurin Ranka Ya Daɗe Shugaban Sashen Ci Gaban Zamani. Na hau da Inna a hankali, tana laluben matakala da ƙafa, mai ciki na biye tana nishi. Ofis ne mai sanyi kamar cikin randa. Ga kwamfuta a kan tebur an lulluɓe ta da leda don kada ƙura ta taɓa ta, ga hotonsa a bango yana karɓar lambar yabo saboda wannan shafin. Ya saurare mu yana juya kujera, sannan ya ce, "Na'ura ba ta kuskure. Ku ne ba ku iya cikawa ba."

Direban ya ce, "Yallaɓai, ta yaya zan rubuta lambata a takardar mutumin da ban taɓa gani ba?"

Ya ce, "Wannan sai ku shigar da ƙorafi."

"A ina?"

"A shafin."

Inna ta juya fuskarta wajen da muryar ke fitowa ta ce, "Ɗan nan, ni ba na ganinka, amma kai kana ganina. Ka rantse ciki gare ni?"

Ya yi gyaran murya ya ce shi ba likita ba ne.

Muka sauko. Kafin mu iso ƙasa an rufe layin ido na ranar. Matar direba dai wata unguwarzoma ta ja ta ciki ba tare da takarda ba, don haihuwa ba ta jiran "ci gaba". Ido kuwa ba ya naƙuda, ba ya ihu, saboda haka shi ake cewa ya jira. An ce mu sake nema, sai bayan watanni akwai gurbi. Garin neman gira, ga shi muna shirin rasa ido.

Da yamma na kai wa maƙwabcina ƙara, wanda muke kira Injiniya, don gina irin waɗannan shafukan ne sana'arsa. Ya karɓi wayata ya ɗan latsa, ya yi tsaki. Ya ce shafin intanet ba shi da ƙwaƙwalwa, kana juya baya ya manta da kai. Shi ya sa mai ginawa ke ba kowane baƙo wata alama tasa shi kaɗai, kamar lambar da mai gadin babura ke ba ka, don duk shafin da ka shiga a ɗauko maka kayanka. Waɗannan kuwa, in ji shi, ga dukkan alamu kwando ɗaya suka ajiye wa kowa. In mutum biyu suka danna a lokaci guda, sai wanda hannu ya faɗa a kai.

Na ce, "Gyaran yana da wuya ne?"

Ya ce, "Da an gwada shi da mutum biyu kacal kafin a buɗe, da an gani."

Mutum biyu, jama'a! A wurin bikin buɗewar, masu riƙe wa Mai Girma faifan almakashi kaɗai sun fi haka. An kai tawaga ƙasar waje koyon aiki, an ɗinka huluna masu tambarin shafin, an buga kalanda. Abu ɗaya aka manta, a zaunar da masinja da mai shara a ce su danna tare. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Su manyan in idonsu ya yi ƙaiƙayi jirgi suke hawa, babu shafin da ke tambayarsu sunan uwarsu.

Na bi shawarar Ranka Ya Daɗe na shiga shafin ƙorafi. Na rubuta doguwar magana, na zuba duk abin da ke cikina, na danna "aika". Ya yi mini godiya da sunan wani bawan Allah da ke neman a cire masa haƙori.

Inna dai yau da safe ta zuba ruwan shayi a gefen kofi, ya ƙona mata yatsa. Sai ta sa yatsan a baki. Ni ne na fita waje na tsaya, don kada ta ji numfashina ya canza.

Yanzu kuma na ji a rediyo cewa saboda gagarumar nasarar da aka samu, za a faɗaɗa tsarin ya haɗa har da rajistar mamata. To 'yan'uwa da abokan arziki, in kun ga sunana a ciki, don Allah ku fara leƙowa gida ku yi sallama tukuna. In na amsa, ku ajiye kukan, na wani ne.