Rasuwar Gwaggo, Motar Da Ba Ta Juya Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni da iyalina muke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa taya mu turi, rasuwar motar gidanmu, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da ƙarfe takwas da minti goma na safe, a kwana ta uku ta filin ƙwallon bayan gida, tana cikin giya ta biyu. Shekarunta arba'in da shida.

Mahaifinmu ne ya sayo ta sabuwa fil. Launin madara gare ta, da kujerun fata, da sitiyari mai faɗin faranti. A cikinta aka riƙa kai mu makaranta, ni da ƙanena. Ba ta taɓa buge kowa ba. Sau biyu 'yan sanda suka tsayar da ita, duka don su ɗauki hoto. Maƙwabta ba za su manta da muryarta ba: tari biyu, "kuhu, kuhu", ɗan shiru, sannan "dum-dum-dum".

Da Baba ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, riƙonta ya dawo hannuna. Na yi mata tsari irin na masu shekaru. Hannun dama da ƙofar gidanmu babban titi ne mai manyan motoci, don haka na haramta mata wannan ɓangaren. Kullum da safe mukan fita mu yi hagu, mu zagaya filin ƙwallo sau biyar don motsa jini, mu dawo a lulluɓe ta. Ban taɓa wuce giya ta biyu ba, saboda girmamawa.

Sau ɗaya aka karya wannan tsari. Wata tara da suka wuce, ƙanena ya are ta ya kai 'yarsa bikin kammala jami'a a wani gari, wai yarinyar tana so ta isa a motar kakanta. Ya dawo da ita lafiya a ranar. Bayan mako biyu ta fara wani kuka daga baya, "wuuu", in an zo kwana kuma ta ƙara da "ƙas-ƙas-ƙas". Ban yi bincike ba. A gaban iyali na ce shi ya kashe motar Baba, na kuma rubuta hakan cikin sakin layi huɗu na tura wa dangi. Abin da ya ce kawai shi ne: "Yaya, ai da ka gaya mini kujerar falo ce, da ban hau titi da ita ba." Tun ranar bai sake tako gidana ba, 'ya'yansa ma haka.

Marigayiyar ta ga makanikai uku. Na farko ya canza kuloci. Na biyu ya ce farfela ce, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ya canza ta. Na uku ya kara kunne a jikinta na tsawon minti biyar, ya miƙe ya ba ni haƙuri. Kukan bai daina ba, mu ma ba mu daina zagayenmu ba, har ranar Talata.

Wani tsohon bakanike da ya ƙware a motocin zamaninta ne ya zo gida ya yi binciken gawa. Ya kwance akwatin giya da aksil, wato tukunyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya, ya jera kayan cikinta a kan tsofaffin jaridu. Sakamakon shi ne: haƙoran giya ta biyu sun cinye kamar na tsohon da ya daina tauna. Giya ta huɗu tana nan da ƙyallinta na kamfani. Ƙananan haƙoran aksil sun siɗe ta fuska ɗaya tak. Ya ce a shekara arba'in na aikinsa, sau ɗaya ya ga irin wannan cin, a lilon wasan yara mai juyawa wuri ɗaya. Sai ya mayar da kayan mazauninsu, ya goge hannu ya tambaye ni:

"Maigida, wai motar nan tana da wani uzuri ne da ya hana ta juya dama?"

Matata ce ta riga ni amsawa, kuma ba ta rage komai ba. Zagaye biyar, kwana huɗu a kowane zagaye, kullum, shekara goma sha ɗaya. Na lissafa daga baya: kwanar hagu dubu tamanin da ɗari uku.

Na kawo masa maganar doguwar tafiyar ƙanena. Ya ce kwana ɗaya ba ya yi wa ƙarfe haka. Hasali ma, a ranar ce kaɗai man giya ya yi zafi ya ratsa ko'ina, ya wanke daskararren dattin da ke toshe bakin ciwon, shi ya sa kukan ya fito fili. "Wanda ya kai ta tafiyar nan," in ji shi, "shi kaɗai ya taɓa shayar da ita."

Ta rasu ta bar makulli biyu, da tayar safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da tamfol, da tabon mai a simintin gareji, da magen maƙwabta da ke kwana a kan bonet, wadda har yanzu ba a sanar da ita ba. Ta kuma bar giya ta huɗu, marainiya, cikin ƙoshin lafiya.

GYARA: A rubutun da na tura wa dangi wata tara da suka wuce, an ce ƙanena ne ya yi sanadin ciwon marigayiyar. Wannan ba daidai ba ne. Yayansa ne. Marubucin yana neman afuwar wanda abin ya shafa, da 'yarsa, wadda aka ɓata wa ranar farin cikinta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a ja ta daga gida zuwa garejin tsohon bakaniken, inda za a raba abin da ya yi saura mai amfani ga wasu sa'o'inta biyu da ke jinya a can. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo shawarar wani bakanike, lokacin wannan ya wuce.

Garejin yana bakin babban titi ne. A duk danginmu mutum ɗaya ke da akori-kura da igiyar ja, wato ƙanena, don haka shi na fara tura wa wannan sanarwa kafin kowa. Bai amsa ba sai da ya kwana biyu. Jiya ya kira, muka gaisa, ya tambayi yara. Ya ce shi zai ja, ni zan zauna a sitiyarinta in raka ta. Kafin ya ajiye waya ya ƙara da cewa:

"Yaya, ka riƙe da kyau. Dama za mu yi."