Masu Gadin Akuyar Lantana

A wani gari da ake kira Ba-Komai, satar awaki ta yi yawa har gaisuwar safe ta koma "ya muka ji da ɓarayi?" Mai gari, Alhaji Sai-Mun-Duba, ya tara majalisa, aka ci, aka sha, aka fito da magani: kowane gida ya yi kiwon dinya, don tsuntsuwa ce mai kwarmato, baƙo na taka gida za ta tashi unguwa da ihu. Karnuka kuwa aka sallame su, wai suna yi wa manya haushi.

Gwaggo Lantana mai ƙosai akuya ɗaya ta rage mata, akuyar kuma na da tsohon ciki. Ta karɓo ƙwan dinya shida da injin ƙyanƙyasa daga Ofishin Ɗumama Talakawa. Injin na lantarki ne, wutar Ba-Komai kuwa daga Sallah sai Sallah take leƙowa, don haka ta haɗa masa da fitilar kananzir. Safe da yamma tana juya ƙwan, tana yayyafa musu ruwan ɗumi, tana haska su da tocila ta ga ko da rai. Biyu suka zama baragurbi, huɗu suka yi albarka.

Maƙwabciyarta Asabe ta ja mata kunne: "Yaya Lantana, ranar da za su fasa, ki tabbata ke suka fara gani. Ɗan dinya, duk fuskar da ya buɗe ido ya gani, ita ce uwarsa har ya mutu."

Amma a Ba-Komai ko masai ba a shiga sai manya sun ƙaddamar. Ƙwan na fara tsagewa sai ga Sarkin Tsaro, Alhaji Barci-Lafiya, da maroƙi da mai hoto da almakashi. Aka ɗaura zare a ƙofar injin, aka tura Lantana bayan zana.

"Ranka ya daɗe, ni fa na yi jinyarsu wata guda!"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, zaninki ba zai yi kyau a hoto ba."

'Ya'yan dinya suka fito a jiƙe, suka ɗaga kai, suka ga babbar riga da tumbin Sarkin Tsaro. Shi ke nan, sun yi uwa.

Wahalar dai ta koma kan Lantana. Ita ce dusa, ita ce yankan ɗanyar ciyawa, ita ce ruwa a faranti don kada su nutse. Suka girma, suka yi wuya, suka kuma iya aiki. Ɗan garuwa ya daina shiga gidan. Ita kanta mai gidan sai da muciya take zuwa madafa, ƙwaurinta duk shatin cizo. Ba ta damu ba, har alfahari take yi: "In ni ba su raga mini ba, ina ga ɓarawo?"

Wata safiya ta fito ta tarar da turke babu akuya, babu igiya. Dinyoyi na gefe suna gyaran gashi, cikin nishaɗi kamar waɗanda aka kai wa ziyara. Ranta ya ɓaci matuƙa, ta yafa gyale ta nufi majalisa. Ta tarar ana walimar samun zaman lafiya, ana ta cin nama.

Sarkin Tsaro ya goge maiƙo a baki. "Dinyoyin sun yi ihu?"

"Ko tari ba su yi ba, ranka ya daɗe."

"To, alhamdu lillahi, ba baƙo ne ya shiga ba. Inda ba baƙo kuwa, ina za a samu ɓarawo?"

Majalisa ta yi tafi. Nan take aka shelanta cewa sata ta ƙare a Ba-Komai, aka kuma yaba wa Lantana bisa kiwo nagari. Mai gari, da yake mutum ne mai tausayi, ya ce kada a bar tsohuwa ta tafi hannu rabbana, a ba ta ko da ƙafa ɗaya ce ta yi romo.

Ta karɓa, ta yi godiya. Sai da ta kai ƙofa ta lura da guntun igiyar da ke ɗaure a ƙafar. Tufkar hannunta ce.