Rasuwar Gimbiya, Furen Gidan Hamaguchi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Tokuji Hamaguchi na garin Susaki, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da 'yan ƙungiyar masu renon ɗan furen da ake kira fukiran rasuwar furensa Gimbiya. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a cikin tukunyarta mai ƙafa uku, saura kwana tara a buɗe gasar furanni ta watan Yuli. Shekarunta talatin da ɗaya.

Marigayiya 'yar babban gida ce. Kakanninta a jikin bishiya suka rayu, ba su taɓa sa ƙafa a ƙasa ba, ita ma haka ta tashi, zaune bisa tulin gansakuka, saiwoyinta suna shan iska. Tsawonta bai kai tafin hannu ba. Ganyenta na da ratsin fari, furenta fari sol, kuma da magariba takan saki ƙamshin da ke sa mai wucewa ya rage tafiya. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakar maganarta ita ce ƙaras-ƙaras ɗin da gansakukar ke yi idan ta bushe, ma'ana yanzu a kawo ruwa. Wata biyu ke nan rabon da a ji wannan sautin a gidan.

Kowa ya shaida maigidan ya riƙe ta da amana. Ba ya kusantarta sai da farar takarda a baki, yadda magabata suke yi, don kada numfashinsa ya taɓa ta. Ya hana soya kifi a gidan tun shekarar da ya yi ritaya. Ya san ranar da kowace saiwa ta fito. Hatta tarin da matarsa Sumie ke fama da shi tun bazara bai wuce shi ba, domin ya roƙe ta ta riƙa fita waje in zai taso mata.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da ya ji cewa furen Okazaki, abokin hamayyarsa a ƙungiya, ya fitar da toho biyar, Gimbiya kuwa shiru. Mutumin da ya shekara ashirin yana koya wa sababbin shiga cewa a bar tsakiyar tulin da rami, a kuma jira ya bushe kafin a ƙara ruwa, shi ne ya sauya gansakuka sau uku a wata guda. Ya cusa ta dam kamar mai dunƙula shinkafa, ya bi da ruwa safe da yamma, a tsakiyar damina.

"Baban Noriko, ka ƙyale ta ta bushe mana," in ji Sumie.

Ta bayan takardarsa ya amsa: "Ke me kika sani game da fure?"

Ganye ya riƙa zubowa ɗaya bayan ɗaya. Da aka buɗe tulin, saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi tuɓus. Maigida ya ce laimar damina ce ta bana, kuma yana fatan 'yan ƙungiya za su tsaya a kan haka.

Marigayiya ta bar tukunya, da matsefata, da kofunan gasa biyu, da buhun gansakuka da ba a buɗe ba. Ta kuma bar 'ya guda wadda ba a cika ambato ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta tsiro da ganye kore zalla, babu ratsi, maigida ya cire ta ya jefa a kwandon shara, wai za ta ɓata zuri'a. Sumie ce ta tsince ta, ta ɗaure ta da tsohuwar safa a reshen bishiyar lemon da ke bayan ɗaki. Tun daga ranar, ban da ruwan sama, babu wanda ya ba ta ko ɗigo.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a gindin wannan bishiyar, kasancewar nan kaɗai ke da ƙasa a gidan. Kada a kawo furanni. An yarda Okazaki ya zo, da sharaɗin ba zai ba da shawara ba. Bayan an rufe ta za a sha koren shayi, a ci soyayyen kifi.

Ana roƙon masu ta'aziyya su sunkuyar da kai har a tashi, kada kowa ya ɗaga ido sama. 'Yar da aka yar ta buɗe fure goma sha huɗu a wannan makon, kuma har yanzu maigida bai gani ba. In ya tambayi daga ina ƙamshi ke zuwa, don Allah a ce masa turaren jana'iza ne.

Sanarwa: Sumie Hamaguchi, wadda ba ta san komai game da fure ba, a madadin maigida.