Tsakuwar da Na Jefa a Rijiyar Baban Hauwa

Ko da zan manta ranar haihuwata, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida Baban Hauwa ba. Kuma tun yanzu in faɗa muku, lissafina daidai yake. Duk mai musu ya zo da igiya.

A lokacin sabon malamin kimiyya ne ni a wata ƙaramar sakandare da ke ƙauyen Ɗambatta. Ɗan unguwar Bacirawa ne ni a birnin Kano, ruwan 'yan garuwa na tashi da shi, abin da na sani game da rijiya bai wuce na littafi ba. Ina neman auren Hauwa, ita kuma ta gaya mini gaskiya: mahaifinta, Malam Sabo, bai yarda da 'yan boko ba, ya ce surutunsu ya fi aikinsu. A ranar zai gan ni ya yanke ko in turo manya ko in kama gabana.

Na ci shadda fara ƙal, na sa hula, na fesa turaren aro (na abokina ne, kuma na kusa ƙarar masa da shi). Da na yi sallama a gidan aka ce Malam yana wajen rijiya. Ban tambayi abin da yake yi a can ba.

Na tarar da mata zaune a gindin darbejiya da bokitansu, Hauwa na cikinsu tana satar kallona. Babu mai jan ruwa. A bakin rijiyar ga takalma a ajiye, ga wata tsohuwar hula a rataye jikin gwafar da ake ɗora igiya. Duk ɗan ƙauyen ya san in ka ga hula a gwafa, to mai ita yana ciki yana yasa. Ni kuwa na ɗauka Malam ya zaga alwala ne.

Na gaida wata tsohuwa, Inna Talle, na ce me ya hana su ɗiba.

"Ruwa ya yi nisa, ɗan nan," in ji ta.

Nan fa kaina ya kumbura. Ga Hauwa, ga jama'a, ga damar nuna cewa bokon nan ba na banza ba ne. Na ce, "Inna, yanzu zan faɗa miki zurfinta ba tare da igiya ba. Tsakuwa za a saki, a ƙirga daƙiƙa har a ji ƙararta." Na ciro waya, na tsinci tsakuwa kamar ƙwallon dabino.

"Kai! Kai, yaro!" Inna Talle ta yunƙura. Ina! Tuni na saki.

Abin da nake jira in ji shi ne tsulum. Abin da na ji shi ne ƙwal! Amma na juyo da fara'ata na ce, "Daƙiƙa biyu, mita ashirin ke nan. Kuma daga jin ƙarar nan, rijiyarku ta ƙafe, dutse ne a ƙasa."

Sai dutsen ya yi magana.

"Wane mara mutuncin ne a sama?"

Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙanen Malam, Ɗanlami, wanda ya je zubar da taɓo, ya taho a guje, maza biyu suka taya shi jan igiya. Malam Sabo ya fito jiƙe da laka har gemu, da tasa a kife a kansa don kare ƙasar da ke zubowa. Tasar ta lotsa a tsakiya. Ba don ita ba, da labarin nan ba na dariya ba ne, kuma na san haka.

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Kai ne malamin?"

"Ni ne, Baba. Allah Ya huci zuciyarka."

"Gaba nawa ka samu?"

Mai hankali shiru zai yi. Ni kuwa na juya mita zuwa gaba a kaina na ce, "Sha ɗaya, Baba."

"Sha ɗaya da kamu ɗaya," ya ce. "Ni na haƙa ta. Da sallama ka yi ka leƙo, da na faɗa maka a kyauta." Matan suka kwashe da dariya, har da wadda nake wa wahalar. Ya miƙo mini tasar. "Tunda ka san zurfinta daga sama, sauka ka gan ta daga ƙasa. Saura guga bakwai na taɓo."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na ga idan na juya, na juya ke nan har abada. Na cire hula na rataye a gwafa da hannuna, na kifa tasa, aka zura ni da shaddata. Ina ƙasa ina kwasar laka na jiyo Inna Talle tana cewa, "A dai riƙe masu tsakuwa, akwai mutum a ciki." Guga tara na cika, don kada a ce.

Bayan sati biyu Malam ya ce in turo. Tasar kuwa tana cikin kayan ɗakin Hauwa, ta kafa ta a saman kabad inda duk baƙo zai gani ya tambaya. Har yau a ƙauyen Malam Tsakuwa ake kirana, ni ma ina amsawa da ƙarfi. Kamu ɗaya kacal na kuskure, kuma tsawon surukina ne ya rage mini lissafi, tunda yana durƙushe a ƙasan rijiyar, a kansa tsakuwar ta tsaya. Abin da kawai na sauya shi ne, yanzu ko tulu zan leƙa sai na yi sallama.