Na'urar Da Gwamnati Ta Ɗaura Wa Motata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kwanta a ƙarƙashin mota a Kurfi, cikin farar shaddata, ina zagin surukina a gaban idonsa ban sani ba.

Zamanin soja ne, lokacin da aka rufe kan iyaka. Ina koyarwa a wata sakandare a Dutsin-Ma, ina da 'yar motata ta hannu mai kama da kunkuru, wadda nake wankewa fiye da yadda nake wanke kaina. Kuma an sa mini rana da Binta, 'yar Malam Sada na Kurfi, dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa ce daga nesa, a tsugune, ya amsa yana kallon wani wuri. Haka surukuta take a lokacin, kuma wallahi tana da daɗinta.

A ɗakin malamai aka fara zancen cewa 'yan sandan ciki sun samo wata na'ura daga Turai. Wai sai su maƙala ta a ƙarƙashin motar wanda suke zargi da fasa-ƙwauri, duk inda ya nufa suna ganinsa daga Kaduna, har hirar da ake yi a ciki suna ji. Babu wanda ya taɓa ganin ta, amma kowa ya san wani da ya san wanda aka kama da ita. Na fi kowa dariya. Sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, domin atamfofin lefen Binta ta bayan fage suka shigo daga Maraɗi, kuma a motata na ɗauko su daga Jibiya.

Ran nan na sunkuya ina duba inda mai ke ɗiga, sai na gan ta. Wani ɗan baƙin ƙunshi, naɗe da roba, an ɗaure shi tam da jar waya a jikin ƙarfe, bakin wayar ya miƙe tsaye kamar eriya. Na ja da baya a hankali. Ban taɓa ta ba, don a ganina idan na cire za su san na gane.

Daga ranar na zama ɗan ƙasa nagari. Ina tuƙi ni kaɗai ina yabon gwamnati da ƙarfi. (Har taken ƙasa na rera a hanyar kasuwa, baiti biyu, na biyun ma ban iya ba.) Babban abin, na ɗauke ƙafa daga Kurfi, wai kada in ja wa gidan Malam bala'i. Ni a raina jarunta nake yi. Su kuwa a can abin da suka gani shi ne, ango ya yi mota ya fara hangen 'yan boko. Binta ta daina aiko da gaisuwa, sannan Baba Lawal, ƙanen Malam, ya aiko cewa idan na fasa ne in faɗa, su ba su riƙe kayan mutane.

Ba shiri na sa shadda na kama hanya. Na tarar da dattawa a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, Malam a tsakiya, ga kuma Saje Bitrus, wani ɗan sanda mutumin Jos da ke haya a unguwar, ya zo shan inuwa. Ganin ɗan sanda ya ƙara tabbatar mini da zargina. Na ce to, yau za a yi ta ta ƙare.

Na ja Baba Lawal gefe na yi masa bayani cikin raɗa. Shi kuwa bai iya raɗa ba, nan take kowa ya ji. Aka taso aka kewaye motar. Ganin jama'a sai bakina ya buɗe. Na shige ƙarƙashi da filaya, ina kwance ina wa'azi. Na ce wanda ya ɗaura wannan abu munafuki ne, matsoraci, mai bin mutane a ɓoye don ba ya iya tunkarar su ido da ido. Na ce Allah ya isa tsakanina da shi, har da wanda ya aiko shi. (Wannan na ƙarshen da ƙarfi na faɗa, don Kaduna su ji.)

Na fito da ƙura har gira, na dangwara abin a gaban Saje, na ce ga kayansu nan. Ya juya shi, ya kai kunne ya saurara, ya ce shi dai a aikinsa ko batirin tocila sai ya saya da kuɗinsa. Ya ciro reza ya yanka robar, ashe tsohon tub ne na keke. Yana warwarewa sai ga jar fata, ɗinki mai kyau, kusurwa huɗu.

"Malamin makaranta," in ji Saje, "ni Kirista ne, amma ko ni na san laya."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Dattawan duk suka sunkuyar da kai, don kowa a Kurfi ya san ɗinkin layar gidan Malam Sada. Sai a lokacin na tuna ranar da motar ta mutu a ƙofar gidan ta kwana biyu a hannun makanikin garin. Malam ya ji ana yawan haɗari a hanyar Dutsin-Ma, kuma suruki ba ya kiran mijin 'yarsa ya miƙa masa abu hannu da hannu. Shi ne ya ba makaniki layar ya ɗaura mini, makaniki kuma ya naɗe ta da roba don ruwa.

Malam ya miƙa hannu ya karɓi layar, ya share ta da bakin rigarsa, ya sa aljihu. Bai dube ni ba, ƙanensa ya duba.

"Lawal, ka hwaɗa ma yaron nan, munahukin ya ji. Shi dai so ya yi ɗiyarshi kar ta yi takaba."

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Sai da iyayena suka yi sawu biyu suna ba da haƙuri, aka ɗaga bikin zuwa bayan kaka. Malam bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah. Binta ce dai, in na cika bincike a gida, takan ce a yi a hankali, Kaduna na ji.

Bayan rasuwarsa na sayar da motar. Wanda ya saya ya kai ta gareji, washegari ya aiko mini da wani ɗan baƙin ƙunshi da aka samu can cikin ƙarfen, inda hannu ba ya kaiwa sai an ɗaga mota. Ashe Malam ya sa an mayar da layar, an datse bakin wayar wannan karon. Shekara da shekaru ina yawo da ita, har asibiti ranar haihuwar 'ya'yana, ban sani ba. Na zauna a zaure na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Tun daga nan na koyi cewa in ka ga ana bin ka a ɓoye, fara tambaya a gida kafin ka ja Allah ya isa. Gwamnati ba ta damu da kai haka ba.