Zauren Masu Dogon Fiffike

A bakin hamada, inda ciyawa ke ƙarewa yashi ya fara, akwai wani tafki da tsuntsaye ke kira Tafkin Jira. Duk tsuntsun da zai ƙetare zuwa ƙasashen arewa a nan yake sauka ya jira iskar kudu, domin babu mai iya raba hamada biyu da ƙarfin fiffikensa kaɗai. Iskar kuwa ba ta da alƙawari. Wata shekara ta zo da wuri, wata shekara sai wuya ya gaji da kallon sama.

A gabashin tafkin akwai wani babban gamji, a gindinsa akwai idon ruwa mai sanyi wanda ba ya ƙafewa. A da, kowa yana sha a nan, kowa yana fakewa a inuwar, daga mikiya har tsattsewa. Tsofaffi sun ce a lokacin ana yawan hayaniya da ture-ture, kuma ba a taɓa jin wanda ƙishirwa ta kashe ba. Wannan rashin tsari ya daɗe yana damun masu hankali.

Da Gauraka Bagudu ya zama Sarkin Tasha, sai ya gyara al'amarin. Ya sa aka kewaye gamjin da idon ruwan da zana mai kauri, aka bar ƙofa ɗaya, aka raɗa wa wurin suna Zauren Manyan Baƙi. A bakin ƙofar ya ajiye wani borin-tunke mai suna Jatau, dogo, mai sanƙo, wanda ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba. Dokar shiga ba ta nuna bambanci ko kaɗan. Duk wanda ya zo zai buɗe fikafikansa, in sun taɓa gefen ƙofar biyu ya shiga, in ba su taɓa ba ya koma. Bagudu yakan yi alfahari da cewa dokar ba ta ambaci sunan kowa ba.

A ciki akwai wurin sha daban, wurin wanka daban. Balbelu cikin fararen kaya suna zagayawa da kifin da aka cire wa ƙaya, suna magana ƙasa-ƙasa. Akwai masu gyaran gashi, akwai rassan da aka keɓe wa masu son barci. Abin da ya fi duka, in iska ta taso, mutanen Zaure ake fara kira su tashi. Sauran tsuntsaye suna jira a waje, a bakin tafki, kuma muddin tafkin yana da ruwa ba wanda ya ɗaga murya.

Sai aka yi wata shekara damina ta yi rowa, iskar kudu kuma ta makara. Tafkin ya janye ya bar taɓo mai tsagewa, abin da ya rage a tsakiya ya koma kore, mai ɗaci da wari. Ƙananan tsuntsaye suka cika fili, baki a buɗe, fikafikai a sake. Kullum da rana sai an samu waɗanda suka kife. Ungulu Barau, wanda ke riƙe da kwangilar share filin, ya fara ƙiba har wuyansa ya yi sheƙi.

Cikin masu jiran akwai wata hasbiya, Lanti, da mijinta Nomau. Sun saba wannan tafiya tun suna da ƙuruciya, kuma ba su taɓa neman wani abu a wurin kowa ba. Nomau ya sha koren ruwan nan, cikinsa ya ɓaci, ya kwanta a gindin zanar Zaure inda 'yar inuwa ke faɗowa da hantsi. Daga nan yana jin ƙarar ruwa yana zuba a ciki.

"Lanti," ya ce, "ruwan sama ake yi?"

"A'a, maigida. Wanka suke yi."

Ba mutuwar 'yan waje ce ta sa aka kira majalisa ba. Wani dinya ne, attajiri mai suna Shekarau, wanda ke zirga-zirga tsakanin kudu da arewa, ya kai ƙara cewa nishin da ake yi a bayan zana yana hana shi barcin rana. Aka sa majalisa ta zauna a cikin Zaure, domin nan ne kawai ake iya tunani. Don a nuna adalci, aka ce 'yan waje su turo wakili guda. Suka turo Lanti, saboda ita ce muryarta ba ta dushe ba tukuna.

Da ta shiga, sanyin ƙasa ya ratsa ƙafafunta har ta ji jiri. Ta ga ruwa yana gangarowa daga bayan wasu agwagi masu wanka, yana bin wata 'yar kwata, yana fita ta bayan gamjin ya nutse cikin yashi.

Bagudu ya gyara tukkunsa na zinariya, ya buɗe taro.

"Ya ku manyan baƙi, ya ku 'yan majalisa. Tasha ba ta yin suna da yawan masu sauka, da darajarsu take yi. Kafin zuwana, manya suna wuce mu su sauka a wasu tafkuna, saboda nan ba a san babba ba, ba a san yaro ba. Yau ana zancen Zaurenmu har bayan hamada. Wannan suna na kowa ne. Tsattsewar da ke kwance a waje ma tana da rabo a ciki, ko da ba ta sani ba."

Aka kaɗa fikafikai a hankali, yadda ba za a ta da masu barci ba. Sai Shekarau ya miƙe da ƙyar.

"Allah ya ja zamanin Sarkin Tasha. Ni ba na ƙin talaka. Kakana ma a taɓo ya yi kiwo. Amma mu da kuke gani, ba yawon banza muke yi ba. Mu ne ke kai maganar tsuntsayen kudu gaban manyan arewa. In na isa a gajiye, na yi magana a gajiye, wa ya yi asara? Su. Hutuna hidima ce gare su. To, ina amfanin Zaure in mutum zai rufe ido ya riƙa jin ana mutuwa a kunnensa? Ban ce kada a mutu ba, rai na Allah ne. A matsa can gaba mana."

Aka ce wakiliyar waje ta yi magana, amma ta taƙaita.

Lanti ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni ban iya jawabi ba. Ba mu ce a ba mu kifi ba, ba mu ce a ba mu reshe ba. Ruwan nan da na gani yana fita ta baya yana shiga yashi, wanda aka riga aka yi wanka da shi, shi muke roƙo. A karkato da kwatar ta gaba kawai. Mijina yana kwance a jikin zanar nan, in kuka yi shiru za ku ji numfashinsa."

Aka yi shiru, ba don a ji ba, don ba a saba a ambaci irin wannan a wurin cin abinci ba.

Barau ne ya fitar da majalisa daga kunya. Ya share bakinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya kai ni kusanci da 'yan waje, kullum ina tare da su har ƙarshe. Shawarata ita ce a yi hattara. Yau in an ba su ruwan wanka kyauta, gobe za su ce na sha suke so, jibi su ce a rage faɗin ƙofa. Kyauta tana lalata talaka, tana kashe masa zuciya. Ni dai ban ga wani abin gaggawa a filin nan ba. Ana share shi a kan lokaci."

Bagudu ya ce an ji kowa, majalisa za ta yi nazari bayan an ci abinci. Wata balbela ta kai Lanti bakin idon ruwa, ta ce baƙon majalisa yana da izinin sha.

Lanti ta sha kaɗan. Sannan ta sake tsoma baki ta cika maƙogwaronta har ya kumbura, ba ta haɗiye ba. Ta juya ta nufi ƙofa a hankali, kanta a sama, kada ɗigo ya zube.

Jatau ya sa ƙafa ɗaya ya tare hanya. Ya dubi wuyanta, ya daɗe yana dubawa.

"Baiwar Allah, al'adar gidan nan ce, duk baƙon da zai fita sai ya gaya mana yadda ya ga hidimarmu. Yaya kika gani?"

Lanti ta gyaɗa kai.

"Gyaɗa kai ba amsa ba ce. Da baki ake faɗa, don mu san inda za mu gyara."

Ta dube shi, idanunta suka kawo ruwa. Ta waiwaya ko wani zai sa baki. Balbelu suna ta kai kifi. Jatau bai ɗaga murya ba, bai kuma janye ƙafarsa ba, yana da lokaci.

Ta buɗe baki. Ruwan ya zube a kan dokin ƙofa, yashi ya shanye kafin ta rufe.

"Madalla," ta ce.

"Mun gode. Sai mun sake ganinki."

Ta samu Nomau inda ta bar shi, inuwar ta riga ta gushe daga kansa. Ya buɗe ido ɗaya, ya ga danshi a bakinta.

"Kin sha?"

"Na sha, maigida."

"To, alhamdu lillahi," ya ce. Bai kai la'asar ba. Barau ya tsaya nesa kaɗan, cikin ladabi, har ta gama kuka.

Washegari aka yi shelar hukuncin majalisa, kuma kowa ya yarda cewa an yi rangwame. Za a ƙara wa zana kauri saboda hayaniya. Sannan, saboda tausayin Sarkin Tasha, za a buɗe Ƙaramin Zaure a bayan gamji, inda kwatar wanka ke fita. Ba a bukatar dogon fiffike. Amma don kada kyauta ta kashe wa kowa zuciya, mai shiga zai ba da ɗan gashin ƙirjinsa, mai laushin nan, a cusa wa manyan baƙi matasan kai. Ba a tilasta wa kowa ba.

Kafin azahar layi ya kai bakin tafki. Ruwan yana da kumfa da ƙarnin agwagwa, amma ruwa ne, kuma waɗanda suka sha sun yi wa Bagudu addu'a da gaske. Sai dai ƙishirwa tana dawowa kullum, gashi kuwa ba kullum yake tsirowa ba. Da ƙirji ya ƙare aka koma baya. Da baya ya ƙare, sai aka lura cewa manyan baƙi suna bukatar mafitai saboda zafi, kuma ba abin da ya kai gashin fiffike kyau a mafici. Lanti ta ƙi zuwa kwana biyu, tana zaune inda Nomau ya kwanta. A na uku ta shiga layi.

Iskar kudu ta zo wata safiya, mai ƙarfi, mai ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri. Jatau ya fito ya yi kira da muryarsa mai sanyi: manyan baƙi tukuna, sauran su dakata a inda suke. Aka buɗe ƙofa. Mikiya ta fita, shamuwa ta fita, agwagi suka fita suna gyatsa. Shekarau ya tsaya ya yi sallama da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya ɗauko wani abu da ya manta, sannan ya tashi.

Da aka kira sauran, suka ruga cikin fili suna kaɗa abin da ya rage musu. Suka yi tsalle, suka faɗo. Suka sake gudu, iska tana tura su tana mirgina su a kan taɓo kamar ganyen da ya bushe. Waɗanda suka ƙi ba da gashinsu, da su ne za su iya tashi, amma waɗannan Barau ya riga ya share su. Har iskar ta kwanta, babu ƙaramin tsuntsu ko ɗaya da ya wuce tsayin zana.

A taron rufe shekara Bagudu ya sanar da majalisa, cikin farin ciki, cewa a karon farko a tarihin tasha, babu ƙaramin tsuntsu ko ɗaya da ya halaka a tsakiyar hamada. Aka umarci a riƙa ambaton wannan a duk jawabi. Waɗanda suka rage kuma ba a yashe su ba, aka ɗauke su aiki, ana biyansu da ruwan kwata. Wasu suna share rassa, wasu suna cusa matasan kai. Lanti aka ba ta aikin fige gashi a ƙofar Ƙaramin Zaure, domin an lura bakinta yana da taushi, kuma ba ta yawan magana.

Da shekara ta zagayo, Shekarau ya dawo daga arewa ya fi da ƙiba. Ya kwanta a reshensa, ya juya, ya sake juyawa, ya sa aka kira Sarkin Tasha.

"Matashin kan nan ya lotse, Bagudu. A arewa duk shekara ake sabuntawa."

"A gafarce mu, ranka ya daɗe. Kafin gobe za a sake."

Bagudu ya leƙa ta saman zana. Daga kudu sama ta yi duhu da ƙananan tsuntsaye, sabbin matafiya, suna saukowa a gajiye, ƙirjinsu cike da gashi.

Ta farko da ta iso ƙofar baya wata kurciya ce, ƙura ta rufe ta, tana haki. Ta ji sharaɗin, ta dubi ruwan, ta dubi tsirarar hasbiyar da ke tsaye a gabanta.

"Inna, da zafi?"

"Na farkon ne kawai," in ji Lanti. "Ɗaga wuyanki."